Sharaɗin da Ba Mu Rubuta Ba

Direbobi ɗari huɗu da sha ɗaya,
taragon titi a kan layi sha tara,
kwana talatin na watan Nuwamba.
Aka ce, Ludmiła, jera mana su.

Na ce da Farfesa Grzelak,
in sai an gwada kowane jeri ɗaya bayan ɗaya
kafin a san wanda ya fi,
rana za ta mutu kamar fitilar da mai ya ƙare wa,
kwamfuta ba ta gama shafin farko ba.
Ya kurɓi shayinsa da ya huce.
Ya ce, to bar neman gwanin gwanaye,
nemo mana wanda za a iya kwana da shi.

Shekara uku ke nan a hawa na huɗu,
tagata na kallon kogin Warta.
Na koya wa na'ura halin maƙeri:
ta zafafa jadawali har ya yi ja,
ta bar shi ya huce sannu-sannu,
don ƙarfen da aka tsoma a ruwa da gaggawa
tsagewa yake.
Na sakar mata tururuwa na ƙarya,
kowace ta bi hanya, ta bar ƙamshi,
'yan baya su bi inda ƙamshin ya fi.

Wahalarta ɗaya ce.
Ta hau ɗan tudu, ta duba hagu, ta duba dama,
ko'ina gangare,
sai ta ce ta iso ƙololuwa.
Ni kuwa na san hangen Dala ba shiga birni ba ne.
Dole na koya mata abin da ni ma ban iya ba:
yarda da sauka ƙasa
don akwai dutsen da ya fi a bayan hazo.

Daren Alhamis, ƙarfe biyu da kwata,
lambar ta motsa.
Uku da ɗigo biyu cikin ɗari!
Na yi ihu ni kaɗai, mai gadi ya leƙo.

Ran Lahadi na kai wa babana takardar.
Shekara talatin da ɗaya ya ja layi na biyar,
har yau in ya ji ƙararrawa ƙafarsa na neman birki.
Ya ture kwanon miya gefe,
ya bi sunaye da yatsa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

Wa ya sa Remigiusz safiyar Talata?
Ranar ce yake kai matarsa wankin ƙoda.
Kowa a gareji ya sani,
shi ya sa ba wanda ya taɓa rubutawa.
Ga Halszka ga Borys a canjin aiki ɗaya?
Waɗannan ba sa ga maciji tun yajin aikin bara waccan.

Na ce, Baba, ba su cikin bayanan da aka ba ni.
Ya ce, to.
Ya jawo miyarsa.

Wannan "to" ɗin ya fi alƙalan mujalla zafi.

Na koma na ƙara sharaɗi,
layi bakwai kacal.
Uku da ɗigo biyu ya faɗo biyu da ɗigo shida.
Alƙali na biyu ya rubuto:
marubuciyar ba ta bayyana dalilin wannan asara ba.
Har yanzu ina neman yadda zan faɗa masa
da harshen da ake bugawa.

Talatar nan na shiga tarago a Górczyn, duhu bai gama washewa ba,
dusar ƙanƙara na narkewa a kan gilashi.
Wata mata ce ke tuƙi, ban san sunanta ba,
tana hamma.
Na tsaya a bayanta ina riƙe da ƙarfe,
ina tunanin me aka ɗauke wa wannan
da ita ma ba wanda ya rubuta.